Yadda zaka ci moriyar watannin Frühling a Jamus in kana koyon Jamusanci

Duk wanda ya fassara maka Frühling da bazara to rabin magana ya faɗa maka. Bazarar da muka sani a Katsina ko Maraɗi ai ta gumi ce, ta kwana a tsakar gida da shan mangwaro da ɗaga kai sama ana jiran hadari. Ta nan kuwa, wato daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, da safe zaka fito ma'aunin zafi na nuna 3 ko 4 kana hura hannu, kafin azahar rana ta buɗe ya kai 17 kana neman inda zaka rataye jaket, da la'asar kuma ruwa ya tsuge wani lokacin har da ƙanƙara, duk a yini ɗaya. Su kansu Jamusawa suna da karin magana a kan haka, April April der macht was er will, wai Afrilu abinda ya ga dama yake yi. Ka haddace ta tun yanzu, in kana tsaye a tashar bas ruwa ya sauko bagatatan ka faɗa wa na kusa da kai, zaka ga ya saki fuska, to daga nan hira take ɓallewa.

Wannan ne Frühling ɗina na uku a Bonn kuma abinda nake so duk sabon zuwa ya gane shine, a hunturu mutanen nan basu cika magana ba. Ba mugun hali bane, ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu, kowa ya dunƙule cikin riga yana sauri ya shige gida, kai ma daga aji sai ɗaki daga ɗaki sai waya. Amma da rana ta fara leƙowa a ƙarshen Maris sai kace an buɗe akurki, tsofaffi sun fito kan benci, masu lambu suna tono, masu gidan shayi sun fito da kujeru bakin titi, maƙwabcin da ka yi wata huɗu baku haɗa ido ba sai gashi yana wanke keke a ƙofar gida yana ce maka sannu. Waɗannan watanni ukun sune ranar kasuwar mai koyon harshe, in ka bari suka wuce kana kwance a ɗaki kana kallon bidiyon gida to ka yi asarar da malamin aji ba zai iya biyanka ba.

Mu fara da agogo don shine yake fara kama mutane. Lahadin ƙarshe ta watan Maris da ƙarfe 2 na dare ake tura agogo gaba ya koma ƙarfe 3. Duk tsawon hunturu lokacinmu ɗaya da Najeriya da Nijar, daga wannan daren kuma Jamus ta wuce gida da awa ɗaya har zuwa ƙarshen Oktoba, sai ka sanar da su Hajiya kar a ce ka canja lokacin kira. Waya tana gyara kanta amma agogon bango da na hannu sai ka gyara da kanka. Tunda ana maganar lokaci, dan Allah ka zauna ka fahimci halb da kyau. In aka ce maka halb acht ba takwas da rabi ake nufi ba, bakwai da rabi ne, wato an yi rabin hanya zuwa takwas. Na rasa Termin ɗin likita, wato lokacin da aka bani in gan shi, sukutum a kan wannan, na je da awa ɗaya a makare aka ce sai bayan sati uku, kuma abin ya yi min ciwo sosai don a lokacin ina jin jiki. Yanzu duk wanda ya bani lokaci a waya sai na maimaita masa da lamba, also sieben Uhr dreißig? Haka lambobi ma a juye suke faɗa, 21 einundzwanzig ne, ɗaya da ashirin, in ana karanta maka lambar waya ko farashi kar ka ji kunyar cewa a rubuta maka.

Sutura kuma kar ka yi saurin ninke rigar sanyinka ka jefa ƙasan akwati don ka ga rana kwana uku a jere. Abinda suke yi shine sa kaya hawa-hawa, suna kiransa Zwiebellook wato shigar albasa, singileti, riga, suwaita mara nauyi, sai jaket mai hana ruwa a sama, in zafi ya taso ka ɓare ɗaya in sanyi ya dawo ka mayar. Ƙaramar lema kullum tana cikin jaka. Har tsakiyar Mayu ma akwai wasu kwanaki daga 11 zuwa 15 da suke kira Eisheiligen da sanyi kan iya dawowa da dare, shi yasa zaka ga masu lambu basa fitar da tumatir ɗinsu waje sai sun wuce. A ɗaki ka rage hita a hankali, sannan ka koyi abinda suke cewa Stoßlüften, ka buɗe taga wangale na minti biyar zuwa goma safe da yamma sannan ka rufe, ba ka barta a ɗan buɗe duk yini hita na ci ba. In baka yi ba fumfuna zata fito a kusurwar bango, Schimmel suke ce mata, kuma rigimar da take haɗawa tsakanin ɗan haya da mai gida ba ƙarama bace.

To maganar kwas. Mafi araha a kusan kowane gari ita ce Volkshochschule, VHS a taƙaice, makarantar manya ce ta hukumar gari. A Bonn ita da babban laburaren gari gini ɗaya suke, Haus der Bildung, ka fito daga aji ka shiga ka ari littafi. In takardar zamanka ta baka damar shiga Integrationskurs, wato kwas ɗin sababbin zuwa na BAMF, hukumar kula da baƙi da 'yan gudun hijira, awa 600 ne na harshe sai awa 100 na sanin ƙasa da dokokinta, a ƙarshe ka zauna jarabawar DTZ wadda take nuna ko ka kai B1 ko ka tsaya a A2 (matakan iya harshe ne, A1, A2, B1, B2 har sama), sannan da wata mai tambaya 33 da ake kira Leben in Deutschland. Lokacin da na yi nawa yuro 2.29 ake biya kowace awa, wato 229 a kowane zango mai awa 100, wanda bashi da hali kuma yana iya neman a yafe masa. Ba kowa ke da damar shiga ba, ya danganta da irin bizarka, saboda haka ka ɗauki fasfo da katin zamanka ka je ofishin makarantar da ƙafarka su duba maka, kar ka tsaya jin ta bakin wane a guruf.

Dalilin da yasa nake matsa wa mutane su yi rajistar jarabawa a wannan lokacin shine, koyon sana'a da suke kira Ausbildung galibi ranar 1 ga Agusta ko 1 ga Satumba yake farawa, jami'o'i da yawa kuma 15 ga Yuli suke rufe karɓar takardun zangon hunturu, sakamakon jarabawar harshe ta telc ko ta Goethe kuma yana ɗaukar makonni kafin ya fito. In ka bari sai Yuli sannan ka fara neman kujera to shekara ta kuɓuce maka. Masu son aikin jinya B2 ake nema, masu son karatun jami'a da Jamusanci kuma jarabawar DSH ko TestDaF. Ka san inda ka dosa tun a Maris ka ƙirga baya.

Amma fa aji awa huɗu ne a rana, sauran yinin naka ne, kuma a nan ne ake bambanta. Ni dokar da na kafa wa kaina ita ce kullum sai na yi magana da mutum uku da ba 'yan ajinmu ba, kuma kafin in fita nake shirya abinda zan faɗa. Mai burodi shine na farko, don kullum yana nan kuma maganar gajeriya ce. Ich hätte gern drei Brötchen, bitte. Sati na farko iyakarta kenan, sati na biyu sai ka ƙara tambayar wanne ne babu naman alade a ciki, na uku ka tambayi sunan wancan mai ƙwayoyi a kai, kafin wata guda matar da ke kanti ta gane ka tana tambayarka wie immer? wato kamar kullum? Ka sani dai sunan burodin yana canjawa da gari, Berlin suna cewa Schrippe, Bavariya Semmel. Gaisuwa ma haka, Hamburg Moin, kudu Grüß Gott ko Servus, Guten Tag kuma ko'ina tana shiga.

Na biyu kasuwar fili, Wochenmarkt. A babban kanti zaka iya sayayyar sati ɗaya baka furta kalma ba, ka ɗora kaya ka manna kati ka fita, shi yasa ko da kayan kasuwar fili sun ɗan fi tsada nake ware yuro biyar don in je in yi magana. A dandalin tsakiyar Bonn kasuwa take ci Litinin zuwa Asabar, masu kaya suna ɗaga murya kamar na gida, da yamma suna karya farashi. Daga tsakiyar Afrilu zaka ga kowa ya rikice a kan wani farin tsiro dogo mai kama da kara, Spargel, har rumfuna ake kafa masa a bakin hanya, a nan kusa da mu Bornheim ake nomansa da yawa, kuma lokacinsa yana ƙarewa ranar 24 ga Yuni. Ko baka son sa ka saya rabin kilo sau ɗaya ka tambayi mai sayarwa wie kocht man das? wato ya ake dafa shi. Wallahi ranar da na yi wannan tambayar mata uku ne a layi suka sa baki, wannan tace a fere shi sosai, waccan tace a sa ɗan sukari a ruwan, minti goma ina tsaye ina shan Jamusanci kyauta, rabin abinda suka faɗa ban gane ba amma na koma gida da schälen da Topf da Butter kuma har yau basu fita kaina ba. Ka lura dai a gidan abinci yawanci da Schinken ake haɗa shi, naman alade ne, sai kace ohne Schinken. Kalmomin da zaka riƙa dubawa a jikin kaya sune Schwein wato alade, Speck, Schinken da Gelatine. Radler kuma duk da ana haɗa shi da lemo giya ce, Apfelschorle shine ruwan tuffa da ruwa mai gas, shi babu komai. Akwai kuma wani ganye mai ƙanshin tafarnuwa da yake fitowa a wannan lokacin, Bärlauch, yana daɗi a miya da ƙwai, amma a kasuwa zaka saya kar ka shiga daji tsinka, yana kama da ganyen Maiglöckchen mai guba.

Nama da kayan miya kuma shagon Turkawa, in ka shiga Kolon titin Keupstraße cike yake da su, kuɓewa a wajensu Bamya ce. Doya da manja da garin kuka sai Afroshop.

Yanzu bari in daɗe a kan abinda ya shafe mu mu Hausawa musamman, don littafin aji ba don mu aka rubuta shi ba. Babbar matsalarmu p da f. A bakinmu ɗaya ne, a wajensu kuwa Pass fasfo ne, Fass kuma ganga ce, ga kuma kalmomin da suka haɗa su biyun waje ɗaya irin Apfel da Pfand da Pfingsten da Kopf. Abinda ya taimake ni shine riƙe 'yar takarda a gaban baki, in ka furta p daidai leɓɓa zasu haɗu su fashe takardar ta motsa, f kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska ta zirara. Minti biyar kullum da safe, a sati uku zaka ji bambanci. Sannan v ɗinsu yawanci f ce, Vater fata ake cewa kusan, w kuma ba irin tamu bace, haƙori da leɓe ake yinta. Su ü da ö sai da madubi, a ü ka ce i sannan ka tsuke baki kamar zaka ce u ba tare da ka motsa harshe ba, a ö kuma ka ce e ka tsuke baki kamar zaka ce o.

Amma muna da namu rabon da Bature ɗan Ingila bashi da shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san kha, to ita ce ch ɗin cikin Buch da Nacht da machen, yayin da 'yan ajinmu ke fama mu tuni muka wuce. Harafin z kuma ts ne, Zeit, Zug, zehn, kusa yake da tsamiya da tsuntsu sai dai ka sassauta maƙogwaro. Dogon wasali da gajere ma mun saba da shi a harshenmu. Uwa uba jinsin kalma, mu mun taso da sanin cewa rana mace ce wata namiji ne, kuma abin mamaki su ma haka ne, die Sonne, der Mond. Ƙofa mace, die Tür. Tebur namiji, der Tisch. Sai dai kar ka sakankance, kujera a wajenmu mace ce su kuma der Stuhl, ga jinsi na uku das da bamu da shi, mota das Auto, ruwa das Wasser, yarinya ma das Mädchen saboda duk kalmar da aka ƙara mata chen don nuna ƙanƙanta das ce. Masu ƙarewa da ung da heit da keit kusan duk die ne, ranaku da watanni da lokutan shekara duk der ne, der Montag, der April, der Frühling. Sauran kuwa haddacewa ce, kar ka taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafinka, ka rubuta shi da der ko die ko das ɗinsa da jam'insa a layi ɗaya. Jam'in nasu kala-kala ne, amma wanda ya iya gida gidaje, jaki jakuna, ƙasa ƙasashe ai bai kamata wannan ya firgita shi ba.

Du da Sie ma mun san shi, yadda baka ce wa babba kai sai dai ku. Duk wanda ba yaro ba kuma ba abokinka ba ka ce masa Sie, likita, ma'aikacin ofis, mai gida, tsohuwar maƙwabciya, har sai shi da kansa yace ku koma du.

Akwai abinda zai baka haushi, ka daure ka haɗa jimla da ƙyar sai mutum ya amsa maka da Turanci. Niyyarsa taimako ne amma cutarka yake. Ka ce masa Ich lerne Deutsch, können wir bitte Deutsch sprechen? wato ina koyon Jamusanci, dan Allah mu yi magana da shi. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba, yawanci ma murna suke. Sai ka riƙe wasu biyu a aljihu, Können Sie bitte langsamer sprechen? wato dan Allah a yi magana a hankali, da Wie sagt man das auf Deutsch? wato ya ake cewa wannan da Jamusanci? Matambayi ai baya ɓata. Tsofaffi sun fi kowa haƙuri da lokaci, akwai wata dattijuwa a benenmu da nake taya ɗaukar ƙasar shuka zuwa barandarta duk Afrilu, a wajenta na koyi sunayen furanni da yadda ake cewa bayana na ciwo da kuma yadda ake ƙorafi cikin ladabi, ita ce ma ta fara gyara min inda nake ajiye aikatau bayan weil, tace a ƙarshe yake zama, kullum a ƙarshe, kuma tunda daga bakinta na ji ya zauna.

Lafiya. In ka wayi gari a Afrilu kana atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido na ƙaiƙayi yana ruwa, hanci na zuba amma babu zazzaɓi, to wataƙila ba mura bace, ƙurar furanni ce, Heuschnupfen. Bishiyar Birke ce ta fi damun mutane a Afrilu, daga Mayu kuma ciyawa ta karɓa. Wasu shekarar farko basa jin komai sai a ta biyu ko ta uku ya kama su. Ka je Apotheke, wato kantin magani, ka yi bayani, akwai irinsu Cetirizin da Loratadin da ake sayarwa ba sai da takardar likita ba, ka tambaya ko yana sa barci kafin ka sha ka tafi aji. In ya kai ga kirji na toshewa to likita kai tsaye. In dare ne ko ƙarshen mako kuma abin bai kai na gaggawa ba lambar ita ce 116117, na gaggawa 112. Sai kaska, Zecke, tana cikin doguwar ciyawa da daji daga wannan lokacin kuma tana ɗauke da cuta, musamman a kudu wajen Bavariya da Baden-Württemberg inda ake ba da shawarar rigakafin FSME, ɗaya daga cututtukan da take ɗauke da su. In kun je shan iska ka duba jikinka da na yara da kun dawo, bayan gwiwa da hammata da wuya.

Ranakun hutu kuma a Frühling suka taru, kuma hutu a nan yana nufin kantuna a rufe ruf kamar Lahadi. Karfreitag, Juma'ar kafin Ista, sai Litinin ɗin bayanta, sai 1 ga Mayu, sai Christi Himmelfahrt da kullum Alhamis take faɗowa, sai Litinin ɗin Pfingsten, a jiharmu ta Nordrhein-Westfalen har da Fronleichnam wadda ba duk jihohi ke yi ba. Ka duba kalanda ka cika firij kwana biyu kafin nan, don ranar jajibiri layin kanti ba'a magana. In ta ƙure maka shagunan cikin babbar tashar jirgi da gidajen mai suna buɗewa amma da tsada. Ranar Lahadi da ranakun hutu ba'a buga ƙusa ba'a kunna kiɗa da ƙarfi, kwalabe ma ba'a zubawa a tankin gilas, haka kuma kullum daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Wannan ya kawo ni kan sallah da barci, abinda ba wanda ya gargaɗe ni a kai. Rana tana ƙara tsawo da saurin da bamu saba ba, a ƙarshen Maris magariba wajen ƙarfe 8, a ƙarshen Mayu ta kai tara da rabi, isha'i ta haura sha ɗaya, asuba kuma tana dawowa can cikin dare. In baka tsara ba zaka riƙa gyangyaɗi a aji. Ka ɗauki jadawalin masallacin da kake zuwa ka tsaya a kansa don manhajojin waya suna saɓawa juna a wannan lokacin, ka sayi labule mai kauri, in da hali ka ɗan rintsa bayan azahar. In kana hira da gida da daddare ka tuna bangon nan yana ɗaukar murya, mu kuma muryarmu a waya Allah ya yi mata albarka, sai a rage. Babbar Sallah a 'yan shekarun nan kusa da ƙarshen Frühling take faɗowa, kuma ba'a yanka a gida ko a bayan gida a ƙasar nan, doka ta hana, ko ka yi magana da mahaucin Turkawa da wuri ko ka tura kuɗi gida a yi maka.

Keke kuma ka nema a Afrilu. Flohmarkt, kasuwar tsofaffin kaya, tana dawowa da fitowar rana, a Bonn akwai babba a filin Rheinaue Asabar ta uku a kowane wata daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma nan ne kaɗai inda Bajamushe yake jiran ka taya. Was kostet das? wato nawa ne, sannan Geht auch zehn? wato a bar min a goma? Da rashin tayi akan bar arha, amma tayin nan ba irin na Kantin Kwari bane, in yace 15 ka ce 10 ku haɗu a 12, in ka ce 3 zai ji ka raina shi. Ka tafi da tsabar kuɗi. Ka gwada birki da fitila gaba da baya don 'yan sanda suna cin tara a kan rashin fitila, ka sayi kwaɗo mai ƙarfi, in keken ya yi arhar da ta wuce hankali ka bar shi, ƙila na sata ne. A manhajar Kleinanzeigen ma ana samu, kuma rubuta wa mai kaya saƙo atisaye ne na ɓangaren rubutun jarabawa, gaisuwa, tambaya, lokacin zuwa ɗauka, sallama. In ka ga kwali a ƙofar gida an rubuta zu verschenken kyauta ne, littattafan yara da na tsinta a irin wannan kwalin su na fara karantawa daga farko har ƙarshe.

In kana da tikitin wata na Deutschlandticket to ƙarshen mako bai kamata ya same ka a ɗaki ba. An fara shi a Mayun 2023 a kan yuro 49, ya koma 58 a 2025, daga Janairun 2026 kuma 63, yana shigar da kai bas da taragon cikin gari da jiragen yanki a duk faɗin ƙasar, banda jiragen dogon zango masu gudu, ICE da IC. Ka tuna kwantiragi ne mai sabunta kansa duk wata, in zaka daina sai ka soke kafin 10 ga wata. Daga Bonn zuwa Kolon bai fi rabin awa ba. Ka je Königswinter ka hau dutsen Drachenfels ka hango kogin Rhein, ka shiga Haus der Geschichte kyauta ne ka karanta rubutun jikin bango ko da layi biyu kake ganewa, kuma abinda ke ciki yana fitowa a jarabawar Leben in Deutschland. A Afrilu titin Heerstraße a tsohuwar unguwar Bonn yana rufewa da furanni ruwan hoda sama da ƙasa, kwana goma zuwa sati biyu ne kawai, ka je da sassafe kafin cunkoso, in ka ga mutum biyu suna ƙoƙarin ɗaukar kansu hoto ka ce Soll ich ein Foto machen? wato in ɗauke ku? A cikin jirgi kuma cire abin kunne ka saurari sanarwa, Verspätung (jinkiri) da Gleis (layin jirgi) da fällt aus (an soke) zaka ji su har ka gaji.

Na gida kuma kaɗan ya isa in kullum ne. DW da muka taso muna jin sashen Hausarta, a nan Bonn hedkwatarta take, tana da darasin Nicos Weg kyauta daga A1 zuwa B1 da kuma labarai da ake karantawa a hankali don masu koyo. Akwai labaran yara na logo! a talabijin, minti goma, sun fi Tagesschau ta ƙarfe 8 sauƙi nesa ba kusa ba. Ka mayar da wayarka Jamusanci. Ka tambaya a laburare ko coci ko masallacin unguwa ina ake Sprachcafé, zama ne na hira da shayi kyauta da 'yan sa kai. In kana buga ƙwallo ka nemi Verein, wato kulob, na unguwarku, yanzu ne suke komawa fili da yamma, kuɗin wata kaɗan ne, a can zaka ji Jamusancin da babu shi a littafi kuma su zasu fara gayyatarka gashin nama a lambu. In an gayyace ka ka zo a kan lokaci, ka riƙo naka naman ko kaza da ɗan yaji, ka faɗa musu tun farko cikin sakin fuska Ich esse kein Schweinefleisch, wato bana cin naman alade, zasu ware maka gefe a kan waya ko su shimfiɗa maka takardar gashi. Yajin ƙuli ɗin nan da ka taho da shi daga gida kar ka ɓoye shi, ka barbaɗa musu su ɗanɗana, zasu tambaye ka menene a ciki, sai ka shirya amsar tun a gida, Erdnuss, Ingwer, Chili, Salz.